Marigayi Mai Gajeriyar Igiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani ɗaci a ƙarƙashin baƙin cikin wanda ba zan ɓoye wa kowa ba, ni Murtala na Ƙofar Kaura, ɗan fari a ɗakin Inna, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar iyafis ɗina baƙi, mai igiya, mai robar da ake cusawa cikin kunne. Rai ya yi halinsa ranar Laraba bayan la'asar, a kan tabarmar Inna, bayan doguwar jinya da gajeren hatsari. Damina biyu ya yi a hannunmu, bai ga ta uku ba.

An haifi marigayin a ƙasar Sin, a wani gari da babu wanda ya san sunansa a cikinmu. Sunan da ke jikin kwalinsa ma, har ya bar duniya ban ji mutum biyu sun karanta shi iri ɗaya ba. Ya shigo Katsina tare da ɗimbin 'yan uwansa, ya sauka a shagon Lado mai kayan waya a Ƙofar Ƙwaya, aka rataye shi a ƙusa tsakanin caja da gilashin waya. Nan na same shi. Ba don kyau na zaɓe shi ba, don na kusa da shi ya fi shi kwali, har da zanen ganga tana fitar da wuta. Lado ne ya ce in rabu da hoto in sa a kunne. Na tsaya a bakin shago na yi ta gwadawa, masu babur suna wucewa. Wani ba ka jin maganar mutum sai dum, dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Wani kuma muryarsa siririya, tana soka kunne. Da na sa marigayin sai hayaniyar titi ta ja baya, muryar mai karanta labarai ta fito fes. Kan da ake sokawa a waya a lanƙwashe yake, Lado ya ce irinsa ya fi jure zaman aljihu. An haɗo shi da robobi manya da matsakaita da ƙanana. Aibi ɗaya Lado ya gaya mini tsakaninsa da Allah, wai igiyarsa gajeriya ce. Na ce ba komai, ai ba ruwa zan ja da ita a rijiya ba.

Wanda ba ɗan fari ba ne ba lalle ya gane abin da zan faɗa yanzu ba, amma ya daure ya saurara. Inna mahaifiyata mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari irin ta asali. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni "wancan" ne. In za ta aike ni, ƙanwata Furera take gaya wa, ina durƙushe a bakin ƙofa ina ji. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Na haura arba'in, na yi aure, na haifa, amma iyakata da ɗakin Inna dokin ƙofa. Na sani kunya ce ba ƙi ba, kowa ma ya sani. Sanin bai taɓa rage mini zafin ganin Mudassir, autanmu, ya miƙe ɗai-ɗai a gadonta, hannunsa a cikin kwanonta, tana ta kiran sunansa yana danna waya bai ko ɗago ba. Sunan da ni zan yi tattaki har Daura in ji an kira ni da nawa, shi a banza yake samu, har yana cewa ta dame shi.

To, a shekarar da marigayin ya zo hannuna, jin Inna ya yi rauni. Ita kuwa ba ta da abin da take so a rediyo irin shirin sanarwar rasuwa da ake yi bayan la'asar, don ta san wa ya rage a cikin tsaranta. Sai ta ƙure rediyonta, duk layin a ji wanda ya mutu ban da ita. Wata rana ina bakin ƙofa Furera ta ce a gwada mata na Yaya, ai shi cikin kunne yake shiga. Aka sa mata ƙaramar robar, ta zauna daram. Amma Inna ta ce ita ba ta toshe kunne biyu, kada a kira sallah ko a yi sallama ba ta ji ba. Kowa kuma ya san rediyon waya ba ya kamawa sai da igiya, don ita ce eriyarsa, kuma sai an riƙe wayar ana ɗan juya ta. Mai juyawa dole ya ji ko tasha ta fito. Furera ta ce tana da tuwo a wuta. Haka na ɗauki kunnen hagu na sa a nawa.

Tsakanin kunnensa na dama da na hagu bai wuce kamu ɗaya ba. Na matsa, bai kai ba. Na ƙara matsawa, ya zame daga kunnenta. Sai da na hau tabarma, kafaɗata ta taɓa tata, sannan ya zauna. Inna ba ta kalle ni ba, amma ba ta matsa ba. Marigayin ya yi gyaran muryarsa da ya saba, shhhh, ƙirrr, shhhh, sannan ya fara karanto mana matattu.

Wannan shi ne aikin alherin da za a tuna da shi. Abin da dattawan unguwa ba su iya ba, abin da aure da haihuwa ba su yi mini ba, wannan ɗan baƙo mara dangi ya yi shi da gajartarsa kawai. Daga ranar kullum bayan la'asar ina kan tabarmar. Inna ba ta magana da ni, da rediyo take yi. In an ambaci suna ta ce Allah ya ji ƙai, sannan ta gaya wa bango ko wace ce, da wanda ta aura, da bikin da suka je tare a Ƙofar 'Yandaka aka hana su goro. A nan na ji cewa Inna ta taɓa sayar da fura, ta taɓa marin wani mai awo. A nan na ji ta ce wata marigayiya ce ta yi mata wankan jego "shekarar da aka haifi wancan, da ya ƙi kama nono ya kusa kashe ni da kuka". Wancan ɗin kuwa yana manne da kafaɗarta, yana riƙe da waya sama. Furera ta ce in koya wa Inna danna wayar mana, in huta. Ban koya mata ba, kuma ba na neman afuwar kowa.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya taɓa shiga wanki a aljihun kaftanina, aka shanya shi a kan katanga, washegari ya koma bakin aiki bai yi ƙorafi ba. Bai taɓa neman caji ba, bai san ana ɗauke wuta ba. Halinsa ɗaya da mutane ke kuka da shi shi ne ƙulle kansa a aljihu, ka sa shi a miƙe ka ciro shi a dunƙule. Ni ban taɓa ganin laifin wannan ba, don a kan tabarma nake warware shi, kuma ba na sauri.

Kamar kowane mai alheri, ya yi maƙiya. Mudassir bai taɓa wucewa ta gabansa bai ce ɗan Caina ba, wai zai ƙarasa wa Inna kunne, sai ka ce wayar da ke hannunsa a Batsari aka ƙera ta. Yaron da yake da gadonta da kwanonta da bakinta, ɗan gefen tabarmar nan da na samu da furfura a gemuna shi ne ya tsaya masa a rai.

Ciwon ajali ya fara ne daga kunnen hagu, wato nawa. Sai ana cikin sanarwa ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke: "Allah ya yi wa Alha… tsit… rasu… tsit." Na kai shi wurin Lado, ya murza wuyansa ya saurara, ya ce abin daga ciki ya tsinke, sai dai addu'a. Na yi masa ɗori da tsinken ashana da salatif. Na koyi danne wuyansa da babban yatsa a wani kusurwa da shi kaɗai yake so. Ya ɗan ji sauƙi, sannan jiki ya rikice, hagun ya yi shiru gaba ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da miƙa wa Inna mai ran, ina cusa mataccen a kunnena. In ta yi ajiyar zuciya in sunkuyar da kai, in ta yamutsa fuska in juya waya. Watanni muka yi a haka, ba na jin komai sai numfashinta.

Ranar Larabar, muna zaune, Mudassir ya faɗo ɗakin da rabin sallama, ya zube a tsakaninmu, gwiwarsa a kan igiya. Daga baya Inna ta gaya wa Furera cewa kalmar ƙarshe da marigayin ya furta ita ce, "Za a yi jana'izarsa a… ƙit." Bai ƙara cewa komai ba. Ba na zargin kowa. Ina dai faɗin gwiwar wanda aka samu a wurin. Kuma a hannun mai gwiwar akwai wani ɗan farin akwati mai ɗauke da sabon iyafis, da kuma sabuwar waya, waɗanda ya ce tun safe ya sayo wa Inna. Yadda aka yi magaji ya iso kafin mai gida ya cika, wannan na bar wa masu hankali.

Sabon ba shi da igiya ko kaɗan. Bulutut ne, kwana yake a akwatinsa yana shan caji, in an buɗe shi sai wata mata ta yi maka Turanci a kunne. Rediyon ma da data yake jawo shi, babu mai riƙe waya, babu mai juyawa. Shi ma ɗan Caina ne, na duba gindin akwatin da idona, amma ban ji an kira shi da hakan ba. Na gwada shi a ɓoye don in samo aibinsa, ban samu ba. Ya fi marigayin murya nesa ba kusa ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Abin takaicin, Mudassir yakan sa wa Inna kunne ɗaya, ya sa ɗaya a nasa, ya fice zaure yana cin gyaɗa. Yana riƙe da rabin abin da Inna take ji, yana can yana tofar da ɓawo. Ni kuma washegarin rasuwar na zo, na tsaya, na rasa dalilin da zan hau tabarma. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe da bango, bango ya amsa, na tashi.

Masu cewa in sayi wani, na gode da shawara. Na koma wurin Lado, ya ce irinsa sun ƙare tun bara. Waɗanda suka rage doguwar igiya gare su, ya ce da fara'arsa mutum zai iya zama har bakin ƙofa yana ji. Na ce ya mayar ƙusa.

Marigayin ya bar manyan robobi biyu da ba a taɓa sawa ba, suna nan marayu a cikin kwali. Ya bar wayata da raminta a buɗe. Ya bar Furera, wadda ta yi masa shaidar kirki, da Lado, wanda ya ce bai taɓa ganin ɗan ƙusarsa ya yi tsawon rai haka ba. Ya bar ni.

Dangane da jana'iza, da farko an shirya yin ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Za a naɗe shi a kwalinsa, a binne shi a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gidana. Gawar tana ɗakin Inna tun ranar da abin ya faru, don haka na je na durƙusa a inda na saba, na ce wa Furera ta miƙo mini. Mudassir yana kan gado. Furera ta duba bayan ƙofa da ƙarƙashin tabarma ba ta gani ba. Sai Inna ta ɗaga gefen filonta ta ciro shi, a warware, babu ƙulli ko ɗaya. Ta zare farin daga kunnenta ta ajiye a kan akwatinsa. Ta juya wajen bango, ta ce:

"Wa ya ce a binne shi? A bar mani shi nan. Na wancan ai ya daɗe ba ya magana, ban ga ya hana shi zama ba."

Ta cusa na dama a kunnenta. Na hagun kuma ta riƙe shi a tafin hannu, ta miƙo wajen ƙofa ba tare da ta waiwayo ba. Igiyar ba ta kai ba. Na cire takalmi.

Saboda haka ana sanar da jama'a an ɗage jana'iza har sai abin da hali ya yi. Marigayin zai ci gaba da zama a ƙarƙashin filon Inna, ana fito da shi kullum a lokacin da ya saba aiki. Masu ta'aziyya su same ni a gidana da safe, akwai tabarma a gindin bedi, akwai ruwan sanyi. Ana roƙon kada kowa ya neme ni tsakanin la'asar da magariba, ko a waya ko a ƙafa, don ina wurin zaman makoki. Mudassir yana iya zuwa, ɗakin uwarsa ne, babu mai hana shi. Sai dai a sanar da shi tun da wuri cewa kunne biyu kacal marigayin ya bari, kuma an riga an raba gado.