Haddar Inglishi a Rumfar Kawu

Ranar Laraba ce da hantsi, a rumfar Kawu Alhassan baduku. Akwai shi, da maƙwabta uku, da Baturen Ingila mai neman jakar raƙumi. Ni ne tafinta, don na haddace kalmomin Inglishi masu tafiya bibbiyu, a jere, da rerawa irin ta karatun allo, kuma duk Agadas ta ji labari daga bakina.

Kawu ya ce, "Ɗana, ce masa ya zauna."

"Sit down", wato "zauna", tana can kusa da ƙarshen jerin, ni kuwa ban iya tsallake ba. Na rufe ido, na faro daga "get up", wato "tashi", ina rangaji. Da na iso, na buɗe ido: Bature yana rumfar maƙwabci, yana gwada jaka.

Har yau dukawa kan tambaye ni, "Malam, ka iso zama, ko kana hanya?"