Mai Baki da Beben Majigi

Wata ƙungiyar 'yan fim ce ta tashi karrama magabata, bayan ta jira har yawancinsu sun kwanta dama. Kyautar kujerar Makka ce guda ɗaya tal, ga tsofaffi biyu kowa na cewa tasa ce. Na farko Baba Nomau, wanda ya yi suna a fina-finan majigi marasa magana, irin waɗanda ake yawo da su a mota ƙauye-ƙauye ana haskawa a jikin farin ƙyalle. Aikinsa ya faɗo daga jaki, ya zurma rijiya, ya sa wando a ka, duk bai ce uffan ba, jama'a na birgima don dariya. Na biyu Malam Jatau, mai tsayawa gefen ƙyallen da lasifika yana yi wa mutane bayanin abin da idonsu ya riga ya gani. Ni dai tausayin Nomau ya kama ni, don mutumin da ya shekara talatin yana cin abinci da shiru ba shi za a kai gaban kwamiti gasar surutu ba.

Aka zaunar da su gaban shugaba da sakatarensa. Jatau ya gyara babbar riga ya kama bayani tun daga ranar da aka yanke masa cibiya. Sai da ya ci awa guda da rabi kafin ya iso kan maganar fim.

"Ranka ya daɗe," in ji Jatau, "in ka cire bakina, me ya rage? Wani ƙato ne kawai yana faɗowa daga jaki. Ni nake sa masa gishiri. Ni ne muryarsa, ni ne hankalinsa."

Shugaba ya juya wurin Nomau, wanda tun shigowarsa yake ɓare goro. "Baba, kai ba ka da ta cewa?"

"Tambaya ce ƙarama, ranka ya daɗe. Jatau, ka tuna Ringim?"

Jatau ya ɓata rai. "Ranar da lasifika ta mutu? Ai tsautsayi ne. Haka na zauna ban ce komai ba har aka gama."

"Sau nawa jama'a suka sa aka maimaita fim ɗin?"

"Sau uku. Amma ai don ba su gane ba ne." Jatau ya miƙe tsaye, ya nuna Nomau da yatsa. "Tunda tone-tone kake so, faɗa musu na Gumel mana. Ranar da ƙwan majigi ya ƙone, ƙyalle ya yi duhu, kai da jakinka kuka ɓace. Wa ya fitar da mu kunya? Ni kaɗai da bakin nan na riƙe jama'ar gari guda, ko mutum ɗaya bai motsa daga tabarmarsa ba."

Nomau ya gyaɗa kai, ya jefa goro a baki.

"Wannan gaskiya ne, ka riƙe su, har da minshari. Ranka ya daɗe, a ɗan taɓa sakatarenka, yau ma Jatau ya riƙe shi."