Dambun Nama A Otal Ɗin Masu Cin Ganye

Jama'a, an kai ni bakin teku an ba ni ganye. Ni Isiyaku, wanda tun yana yaro yake tsinko zogale a bayan gidansu ba wanda ya taɓa tafa masa, ni aka ɗora a jirgin sama aka keta ƙasar nan da ni har inda ta ƙare, aka zaunar da ni gaban wani akushi, aka zuba mini 'yan ganyayyaki da yankan gurji, aka ce in tauna a hankali ina gode wa ƙasa. Na duba hagu na duba dama ko miya na tafe. Babu miya. Abincin ke nan, kuma wai wannan shi ne mai nauyin, na dare ya fi shi sauƙi.

Bari in koma baya saboda wanda bai san inda aka kwana ba. Gonata tana can wutsiyar kanal, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya sha ya ƙoshi. Bana kuwa ko ragowar ba ma gani. Kacala, doguwar ciyawar nan da ke fitowa cikin ruwa, ta haɗa kai da laka sun toshe kanal ɗin ƙam, ɗan nesa kaɗan kafin gonata. Tumatirina kuma ya fara fure. Duk manomi ya san halin tumatir, in ya ji ƙishi yana cikin fure, zubar da furen yake yi ya bar ka da ganye. Tumatirin nan shi ne tuwon gidana na shekara, ba ni da wani abin dogaro bayansa.

Wani zai ce in tayar da inji in ja ruwa daga rijiya mana. Da wane man? Na ɗauki jarka na bi layi a gidan mai a Kura, na tsaya har na yi abokai, har na haddace sunayen 'ya'yan mutumin da ke gabana. Da layi ya zo kaina aka ce ai ba a zuba wa jarka.

Ana cikin haka sai wata hukuma, cikin hukumomin nan masu sunan da sai ka huta a tsakiya kafin ka ƙarasa faɗa, ta shirya taron bita kan noman da ke tausaya wa muhalli. Da yake a nan kusa ba mu da muhalli, sai aka kai taron can kudu bakin teku. Aka ce ana son manomi ɗaya na gaske, mai kaushi a ƙafa, don hoto ya yi kyau. Manoman layinmu na kanal suka zaɓe ni saboda bakina ba ya rufuwa. Iliyasu, maƙwabcina da ya shuka albasa a saman inda kanal ya toshe, ya rako ni har bakin titi yana nanata mini.

"Magana ɗaya ce, Isiyaku. Ka samu babbansu ka ce a turo katafila ta yashe kanal. Kada ka tsaya zuba irin taka."

Mai ɗakina Mubina ita ba ruwanta da katafila. Dambun nama ta yi mini, ta danna shi a kwano ta ɗaure da ɗankwali, ta tura ƙasan jaka ƙarƙashin sallaya. Ta ce ita ba ta san abin da suke dafawa a can ba, kuma mijinta ba zai yi tafiya ba guzuri a ce ba shi da mata.

Otal ɗin nan sai wanda ya gani. Ɗakunan jinka ne, bangonsu zana, irin waɗanda muka yi shekaru muna roƙon Allah ya raba mu da su. Ba leda, ba na'urar sanyaya ɗaki, ruwa a ƙwarya, a banɗaki kuma asuwaki aka ajiye mini cikin wani ɗan kwando kamar kayan tarihi. Ga itatuwan kwakwa, ga teku tana ta zuwa tana komawa, ruwa iya ganinka kuma ba mai ban ruwa da shi. Wannan kam ya sosa mini rai. Da isarmu aka karɓe wayoyinmu aka zuba a kwando, wai waya tana hana zuciya hutawa.

Wadda ta karɓe mu sunanta Khadijat, Bayarabiya ce haifaffiyar Kano, Hausa a bakinta raɗau. Ita ta karanta mana dokar gida.

"Baba, a nan ba a cin nama, ba a cin ƙwai, ba a shan madara."

Na ce, "To madalla, kifi ma ya wadatar. Ga teku a bakin ƙofa."

"Kifi ma rai gare shi, Baba."

"Zuma fa, 'yar nan?"

"Ta ƙudan zuma ce. Ba su ce sun ba mu ba."

Da na dawo na ba Dattijo wannan labari, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gonakinmu, sai ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Har nono? To laifin me suka yi aka kai su can?" Na ce ai su suke kai kansu, har ma sai mai hali. Ya kaɗa shanunsa ya tafi yana salati.

Babban da ya jagoranci tawagar, zan kira shi Mai Girma Uban Tafiya, Garkuwan Taron Bita, Allah ya ja zamaninsa. Mutum ne mai cika ido da cika kujera. A ranar farko ya riƙe lasifika ya yabi ganye yabon da ban taɓa jin an yi wa wani ɗan Adam ba. Ya ce daga yau shi da nama sai a lahira. Aka yi tafi. Kashegari da sassafe aka fito da su kan yashi motsa jiki, wata mata tana koya musu tsayuwa da ƙafa ɗaya hannuwa sama. Ku dai ku auna babbar riga mai aiki tana yaƙi da iskar teku, mai ita yana tangaɗi yana neman wanda zai dafa. Ni aka ce ba sai na yi ba, in tsaya a baya da fartanya a kafaɗa saboda hoto.

Ban manta da abin da ya kawo ni ba. Amma tsakanina da Uban Tafiya akwai wani siririn mutum da ke riƙe masa jaka, wanda Allah ya hore wa iya tare hanya. Na je da safe, ya ce, "Yallaɓai yana zaman numfashi." Na ce ai ni ma ina numfashin, zan jira. Ya ce nasa na musamman ne. Na koma da rana, ya ce an shafe Yallaɓai da laka tun daga wuya har ƙafa don lafiyar fata, sai ta bushe. Laka fa! Na ce masa in laka Yallaɓai yake so, muna da kanal guda cike da ita, ya zo da tawagarsa su kwashe kyauta. Bai yi dariya ba.

Tafiya ta yi tafiya, na lura idanun manya sun fara faɗawa. Masu jawabi suka rage tsawon jawabi. Na ga wani darakta yana bin wata kaguwa da kallo a bakin ruwa, kallon da ba na muhalli ba. Ni ma cikina ya fara ƙorafi, sai na tuna da Mubina. Bayan sallar azahar na shige ɗaki na ja ƙyaure, na zauna kan tabarma na kwance ɗankwalin nan. Abin da ban lissafa ba shi ne bangon zana ba ya riƙe sirri. Ƙamshin dambu da yaji ya bi ta kowace kafa ya fita yawo.

Ban kai loma ta biyu baki ba na ji sallama ƙasa-ƙasa. Na ɗaga kai, sai ga Uban Tafiya da kansa, shi kaɗai, ba mai jaka.

"Malam manomi, wucewa nake, na ce bari in duba lafiyarka."

Da ni yake magana amma da kwanon yake gaisawa. Ni kuwa na yi abin da kowane ɗan halak zai yi, na ɗan tura kwanon gaba na ce, "Bismillah, ranka ya daɗe."

To kun san wannan bismillah ɗin. Ta ladabi ce. Kai ka faɗa, shi ya ce alhamdulillahi a ci lafiya, kowa ya fita kunyar kowa. Haka muka taso muka gani. Bawan Allahn nan sai ya waiga ya ja ƙyaure, ya tattare riga ya zauna dirshan a tabarmata, ya naɗe hannu. Ban taɓa ganin ma'aikacin gwamnati ya kama aiki da wuri haka ba. Yana ci yana lumshe ido yana sa wa Mubina albarka, matar da bai taɓa gani ba.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa sai ya ce, "Af, ku kuma me ke damunku a can? Faɗi ko mene ne."

Ga dama ta zo har ɗaki. Amma mu ba a koya mana mu faɗo kan buƙata haka gaba-gaɗi ba, musamman ga baƙon da hannunsa ke cikin kwanonka, sai ka ce sayar masa ka yi. Daga nesa ake farowa. Na gyara murya na ce, "Wato ranka ya daɗe, mu dai alhamdulillahi, sai dai ɗan ruwan nan ne ba ya iso mana..."

"Ruwa? Shi ke nan?"

Ya ɗaga hannu yana maiƙo ya tsayar da ni. Ya cire hula, sai ga ƙaramar waya a ciki, ashe zuciyarsa ba ta fara hutawa ba. Ya danna ya kara a kunne. "Kai, a buɗe wa mutanen layin manomin nan namu ruwa. Duka ƙofofin. A yi ta ƙarawa har sai sun ce ya ishe su."

Nan take na hango ɓarna tafe. Ko ɗan koyon noman rani ya san abin da ke faruwa in aka danna ruwa cikin toshasshen kanal. Ba gaba zai yi ba, gefe zai nema. Na buɗe baki. To amma ta ina za ka fara gaya wa babban mutum, baƙonka, wanda ya gama yi maka kyauta yana murmushi, cewa kyautarsa masifa ce? Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya ƙara girma." Na sake yunƙurawa na ce, "Sai dai kuma akwai 'yar kacala..."

"Haba, ka ci mana, ka bar ni ni kaɗai," in ji shi, alhali yana suɗe gindin kwano. Ya miƙe ya goge hannu da ɗankwalin Mubina, ya ce wannan zama ya tsaya tsakaninmu, ya leƙa waje ya sulale.

Na ruga wurin Khadijat ta ba ni wayata in gargaɗi Iliyasu. Ta ce doka ce, sai ranar tafiya, ta kuma ba ni shawarar in je in saurari teku. Na koma wurin mai jaka, ya ce Yallaɓai ya ce jikinsa ya yi nauyi, yana hutawa, ganyen nan ya karɓe shi sosai.

Da taro ya tashi na dawo gida, na sauka daga mota a bakin hanyarmu, sai na tarar babu hanyar. Ruwa ya zo ya daki kacala, ya rasa mafita, ya fasa gaɓar kanal ya bi gonakin sama. Albasar Iliyasu tana can ƙasa, agwagi na iyo a kanta. Shi kuma yana tsaye ruwa iya gwiwa, wando a naɗe. Bai amsa sallamata ba.

"Katafila na ce maka, Isiyaku. Katafila."

Daga inda muke ina hango gonata a bayan toshewar, a bushe ƙayau, furen ya fara zuba a gindin shuka. Ko ɗigo bai tsallaka ba. Ba zan ɓoye muku ba, hawaye sai da suka zo mini. Mai kula da ƙofar ruwa kuma ya aiko cewa shi umarni aka ba shi daga sama, ba zai rufe ba sai Yallaɓai ya ji daga bakinmu cewa ya ishe mu. Ruwan kuwa ya gama da gonaki ya fara miƙewa wajen gidaje.

Sai wayata ta yi ƙara. Mai jaka ne, muryarsa har da zuma, irin wadda ba a ba mu ba a otal. Wai Yallaɓai na tambaya ko ruwa ya iso, ko kuwa a ƙara.

Na kalli tumatirina. Na kalli katangun ƙasar da ruwa ya fara lasa, da mata suna fito da tabarmi a ka. In na faɗi gaskiya na ce bai iso ba, ƙarawa za a yi. Sai na ce, "Ya iso, ranka ya daɗe. Ya ishe mu. A gaya wa Yallaɓai duk manoman layin nan suna godiya, ba mu taɓa ganin ruwa irin wannan ba."

Aka rufe ƙofa kafin la'asar, gidaje suka tsira. Tumatir dai ya tafi, albasa ta tafi, kacala tana nan ta ƙara kore shar.

Ashe mai jaka ɗaukar muryata yake yi. Saboda haka in kun kunna rediyo kuka ji wani manomi yana rantsuwa cewa ruwa ya ishe su, kada ku tsine masa da yawa, ni ne. Mubina ta ce ita tun da muka yi aure ba ta taɓa jin na yi godiya mai daɗi irin wannan ba.