Gem a Buhun Shinkafa

Ana gobe gasar ƙwallon gem ta layinmu a Fagge, na'urar gem ɗin Auwalu, ƙanin matata, ta jiƙe da ruwa ta ƙi tashi. Na ce kowa ya matsa, ai da shinkafa na taɓa ceto wayata da ta faɗa ruwa. Na cusa ta cikin buhun shinkafa, na dinga safa da marwa ina leƙawa kamar mai jinya.

Da ta ƙi, muka hau adaidaita zuwa Sabon Gari. Mai gyara na jijjiga ta, shinkafa ta zubo masa a cinya.

"Alhaji, manhajar ciki ce ta lalace, sabuwa zan ɗora. Wa ya ba ta abinci?"

Auwalu ya nuna ni.

Har yau ko fanka ce ta tsaya a gidansu, sai ya kira ni: "Yaya, kwano nawa za mu auno?"