Sanwicin Da Na Ɗaure Da Igiya

Duk wanda ya ƙirƙiro abincin nan da ake ce ma sanwici marowaci ne, kuma ban janye ba. Yanka biyu na burodi, ɗan ƙwai kamar an shafa, a ce wai yaro ya ci abinci. Ba zan taɓa mantawa da abin da ya jawo mani a makarantar su Auta ba, gaban iyayen yara rabin Kankia.

Auta ɗiyata ce ta ƙarshe, tana aji biyu na firamare. Kullum nakan zuba mata ɗumamen tuwo da miyar kuka a ɗan kwano, kullum kuma ta dawo mani da shi ko taɓawa ba ta yi ba. In na matsa sai ta ce yara na yi mata dariya, su biskit da cincin suke zuwa da shi. Ran nan da safe ta zauna bakin ƙofa ta ce ita ta gama boko. Ni da sai da furfura ta fara fito mani kafin in san yadda ake rubuta sunana, a ce ɗiyata za ta bar makaranta saboda ɗumame? Na ce ba a gidana ba.

A ajinmu na manya na yaƙi da jahilci, Malama Rakiya ce ke koya mamu karatu, wani lokacin ta haɗa da tsafta da abinci. Da na kai mata kuka sai ta zo da kayan aiki ta nuna mamu: burodi yanka biyu, dafaffen ƙwai, tumatir, ɗan kabeji, ta yanka shi kusurwa uku. Na tambaye ta ko na mai jinya ne. Ta ce wannan ya ishi yaro har a tashi, in an haɗa mashi da gyaɗa ko ɗan goba. A raina na ce Malama ta yi karatu, sai dai ba ta san mutuncin gida ba.

Mu mutanen Mawashi ne, can ƙasar Kusada, aure ya kawo ni Kankia. A gidanmu abinci ba ya fita waje da awon mutum ɗaya. In za a kai ma mai noma tuwo gona, ana lissafa na kusa da shi, da mai wucewa, da wanda bai zo ba amma yana iya zuwa. Kwanon da ya fita gidanka, sunan gidanka ne ya fita.

Sai ga makaranta ta aiko cewa iyaye su zo ranar Alhamis, ma'aikaciyar lafiya za ta duba abin da yara ke ci. Na ce to, ranar za su san an yi boko a gidan nan.

Na sa mai shayin bakin tasha ya ajiye mani manyan burodi, irin waɗanda ake rungumowa. Na tsaga su ta tsawo na fara jera kaya. Kwaɗon zogale a ƙasa, don an ce ganye na ƙara jini. Dakakken ƙuli-ƙuli. Ƙosai. Awara. Ƙwan zabi, shi kuma ɗungurungum na sa shi, don a wajena yanka ƙwai rowa ce. Sai na tuna Malama ta ce nono na gina ƙashi, ga kuma Bafulatanar da ke kawo mani kindirmo tana sallama, na saye rabin ƙwaryar na kwarara a tsakiya. Na ɗora wani burodin, na sake hawa na biyu, don malamai da maigadi.

Abu ya ƙi tsayuwa. Na danne shi da turmi, ya zame gefe. Na ɗauko igiyar kaba na ɗaure shi tamau kamar damin gero. Baban Auta ya leƙo ya tambaya gini nake ko girki, na ce ya je gona kafin rana ta yi. Na aza a babban tire, na rufe da faifai, na naɗe da zane. Ɗan acaɓa ya kalli kayan ya ce shi mutane yake ɗauka. Haka na ɗora bisa kai na taka da ƙafa cikin rana, maƙwabta na tambayata wa ta haihu ba su ji ba.

A makaranta an jera yara a inuwa, kowa da ɗan kwanonsa na roba. Na ratsa su na dire tire bisa teburin hedimasta. Ma'aikaciyar lafiya, wata yarinya da ba ta kai babbar ɗiyata ba, ta ce, “Mama, mi ne ne wannan?”

Na juya na fuskanci iyaye don kowa ya ji. Na ce, “Sanwici ne. Mu ma mun shiga aji.”

Na nemi wuƙa na datse igiyar.

Ashe tun a hanya nono ya jiƙa burodin, igiyar ce kaɗai ke riƙe da zaman lafiya. Abin ya yi wata ajiyar zuciya, ya buɗe ta kowane gefe. Kindirmo ya gangara bisa babbar rigar hedimasta. Ƙwan zabi suka bi gangare ƙarƙashin benci, yara suka bi su a guje, akuyar maigadi ta tsinke ta shigo taron kamar ita ma an aiko mata. Ina tsaye da wuƙa a hannu da zogale a goshi. Ma'aikaciyar nan, Allah ya saka mata, ta danne dariya ta ce kayan ciki duk masu gina jiki ne, sai dai tana son ganin yarinyar da za ta cinye.

Aka nuna Auta. Tana can ƙarshen layi ta ja hijabi ta rufe fuska. Hedimasta yana sharce nono ya ce, “Wannan ce mamanki?”

Ta ce, “Maƙwabciyarmu ce.”

Na sha zagi a duniya kuma na rama kowanne. Wannan kam sai na sunkuya na hau tsintar igiya.

Yara dai sun kewaye tire sun cinye tas da hannu, kamar tuwon suna. Malamai sun ci, maigadi ya ci, akuya ta ci faifai. Mutum ɗaya ce ba ta sa komai a bakinta ba, ita ce wadda aka yi abin dominta.

A hanyar gida tana gaba ina baya da tire wayam. Wajen famfo na ce mata to ita mi take so. Ta ce abin da zai shiga hannunta, ta cinye ta tafi wasa. Ta ce ba tuwon ake ma dariya ba, miyar ce ke zuba a hijabinta da littafi, kullum tana yawo da tabon kuka. Duk wannan rigima, ban taɓa tambayarta ba. Na auna cikin hedimasta, na auna na maigadi, na auna bakin maƙwabta, na manta da hannun yarinyar.

Washegari da safe na ɗauko burodi yanka biyu, na barbaɗa ƙuli, na yanka ƙwai, na sa tumatir, na raba shi kusurwa uku yadda Malama ta yi. Na ƙulla mata gyaɗa da dabino a leda. Ta karɓa ta ce, “Sai na dawo, Inna,” da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Da ta juya sa takalmi na cusa wani guda ɗaya a jakarta, don wadda ke zama kusa da ita.