Murhuna da Irin Inna Hajo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban matan wani ƙauye na Tabotaki, lasifika a hannuna, ina yabon kaina.

Lokacin ban daɗe da barin lise, wato makarantar sakandare, ba, na samu aiki a wani furoje, shirin raya karkara, na murhun zamani. Aikina in bi gidaje in ji abin da mata ke so, in kai wa masu ƙira a Buza. An ba ni takardun tambayoyi, ni kuwa na ga ɓata lokaci ne. Wa bai san matsalar girki ba? Hayaƙi ne, ya ci ido, ya ci ƙirji. Na samu inuwa na cike takardun da kaina, na rubuta a sa bututu, hayaƙi ya fice waje duka.

A gidan Inna Hajo, wata tsohuwa mai noman gero a kan tudu, muka fara gini. Tana ta nuna mini rufin ɗakin girkinta, baƙi ƙirin da kunkunniya, tana cewa akwai magana. Na ce ai wannan baƙin muka zo kora, ta bari sai mun gama. (Haka nake, kafin mutum ya kai rabin zance na riga na ba shi amsa.)

Gab da damina shugabanmu ya zo da baƙi daga Tawa su ga nasara. Na sha sabon lalle, na zuba Faransanci, sannan na kira Inna Hajo ta ba da shaida. Ta taso da ƙwarya rufe da faifai. Na ɗauka ƙwan zabi ta kawo mini, har na yi wa baƙi murmushi. Da ta buɗe, zangarniyar gero ce duk ta zama gari, ƙwari na yawo a ciki.

"Ɗiyata, idona ya huta, Allah shi saka. Amma ga irina. Tun zamanin uwata cikin rufin nan muke soke shi, hayaƙi na tsaron shi. Bana hayaƙin ya bi bututunki."

Ni da hannuna na kara mata lasifikar, don haka har na bayan fage sun ji. Kuma ba gero ne da ake samu a kasuwa ba, iri ne mai saurin nuna da ke jure tsakuwar tudunsu. Shugaba ya tambaye ni a hankali ko wannan bai fito a takardun tambaya ba. Inna ce ta amsa masa, ba da mugunta ba, cewa ita dai ba ta ga wata takarda ba.

Sati guda na yi a kan babur ina neman irin, har Ibohamane, inda wata ƙanwarta ta ba ni abin da bai cika tiya ba. Rabin gona ta shuka a shekarar. Murhun kuma aka sake masa ƙira, da ƙofar da ke sakin hayaƙi cikin rufin ɗaki in an so. Shawararta ce, ba tawa ba.

Ban zama mai haƙuri ba, kada in yi muku ƙarya. Amma yanzu in na ga abu mara kyau ya shekara da shekaru a gidan mutane ba su cire shi ba, nakan tambayi aikin da yake musu kafin in kawo gyarana. Bayan kaka na koma gaishe ta, ta dama mini fura da geron rabin gonar nan, ta tsare ni sai da na shanye.