Rasuwar Mai Kunnen Zomo a Cikin Kejinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma mai tafasa da haushinku, nake sanar da ku, mazauna wannan bene, rasuwar rautar hawa na ƙasa, na'urar nan mai raba mana intanet, wadda yara ke kira Mai Kunnen Zomo saboda eriyarta biyu. A gaban idonku ta cika. Kun bi ta ƙarƙashinta da bokitanku da jakunkunanku, kun ga fitilarta ta koma ja, kuka kau da kai.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki wayoyin gidan nan duka, har da na baƙin da aka raɗa wa lambar sirri a kunne. Ba ta taɓa tona wanda ke kallon ƙwallo yana cewa karatu yake ba. Duk abin da muka sani na muryarta shi ne ɗan "ƙit" idan wuta ta dawo, sai siririn "tsiii" idan nauyi ya yi mata yawa.

Ajalinta ya zo ne da sunan gyara. Kamfanin da ya ƙera ta ya turo sabuwar manhajar ciki, ita kuma an saita ta ta karɓa da kanta. Sunanta ɗaya da sababbin da ake sayarwa yanzu, amma ƙwaƙwalwar ajiyar da ke cikinta ta tsohuwar ƙira ce, sabuwar manhajar ba ta san yadda za ta zauna a kanta ba. Tsohuwar ta goge, sabuwar ta maƙale. Daga nan ta shiga jinya: ta yunƙura za ta tashi, ta yi "ƙit", ta faɗi, ta sake yunƙurawa.

Na gaya muku haka za ta faru. Na rubuta a zaurenmu na waya cewa a kashe wannan sabuntawar, kuma lambar shiga saitin tana manne a jikinta ta ƙasa, sai an ɗaga ta ake gani. Amma ta ina? Tsoron ɓarawo ya sa muka kulle ta a kejin ƙarfe, rashin yarda da juna ya sa muka rataya kwaɗo uku. Makulli ɗaya na hannun wakilin mai gida, ɗaya na hannun Baba Shugaba, ɗaya na hannun Anti mai shago. Wakili ya ce sai ya shigo unguwa. Baba Shugaba ya ce yaran zamani ba sa barin abu ya zauna lafiya. Anti ta turo hoton babban yatsa. Ɓarawo bai taɓa ta ba, wannan kam mun yi nasara.

Ta rasu ta bar wayoyi marayu masu yawo a baranda suna laluben sabis, da firintar ɗakin ɗinki, da ƙanwarta guda a hawa na sama. Ƙanwar nan ƙirarsu ɗaya, kejinsu iri ɗaya, makullan na hannun mutane ukun nan. Saƙon kamfanin bai iso kanta ba tukuna, amma yana hanya.

Kun san wanda ke rayuwa da ita. Malamin lissafi, mai keken guragu, bai sauko ƙasa ba tun da lif ɗin gidan nan ya mutu kuka ce ai hawa matakala motsa jiki ne. Ta rautar nan yake koyar da ɗalibansa, ta nan yake ganin likita, ta nan yake ganin fuskar 'yarsa. Da na hau na gaya masa, bai yi faɗa ba. Tambayata ya yi ko tagar ɗakinsa za ta kamo sabis ɗin maƙwabta. Na gwada, ba ta kamowa.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da safe a ƙarƙashin matakala. Gawa na nan cikin keji, don ko ita ba mu iya fitarwa ba. Ba a buƙatar dogon jawabi, kuma duk wanda ya ce sai haƙuri zan rubuta sunansa a bango. Bayan an sauko da ita, masu rakiya za su wuce kai tsaye hawa na sama a buɗe ƙanwarta a kashe sabuntawar.

Wakili, Baba Shugaba, Anti: ku zo da makullanku. Sauranku kuma, kowa ya ajiye wayarsa yanzu, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗayansu, kada ya matsa daga wurin sai ya ga makulli a tafin hannunsa.